Mai Biya Daban, Mai Sawa Daban: Labarin Kantin da Ya Daina Sauraron Mata

  Barkanku da gida, mutanen Anka da Bagega da Wuya. Barkanku da hutawa, mutanen Gummi da Daki Takwas da Gayari. Ina gaishe ku, mutanen Bukkuyum da Nasarawar Burkullu da Gwashi da Adabka. Allah Ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu da hanyoyinmu.

Shirinmu na yau na kasuwanci ne. Amma tun kafin in fara, ina neman afuwa. Iyayena mata, ku gafarce ni. Malamaina, a yi mini uzuri. Hajar da za mu tattauna a kanta haja ce ta kunya. Ƙananan tufafin mata ne, waɗanda ake sawa a ƙarƙashin riga: rigar mama, da kamfai, da shimi, da fatari, da rigar barci. Ba a ambaton su a majalisa. Amma babu lefen da ake kaiwa babu su. Babu kasuwar makon da ba a kasa su. Gidaje da yawa a yankin nan, da ribar waɗannan kaya ake cefane. Abin da ake ci da shi kuwa, bai kamata kunya ta hana a san shi ba.

Zan ba ku labarin wani kamfani na ƙasar Amurka mai suna Victoria's Secret. Wannan haja ya riƙe, har ya zama babu kamarsa a duniya. Daga baya kuma kasuwa ta juya masa baya. Za mu ji yadda ya tashi. Za mu ji yadda ya gangaro. Sannan mu dawo gida, mu shiga rumfunanmu da ɗakunan iyayenmu dillalai.

Ga tambayar da nake so ku riƙe har ƙarshen shirin. Wa ke biyan kuɗin kaya? Wa kuma ke sa kayan a jikinsa? Ku riƙe ta. Mai biya daban, mai sawa daban.

To, bismillah. Mu fara da tashi.

Akwai wani Ba'amurke mai suna Roy Raymond. Ya yi karatun kasuwanci a jami'ar Stanford. Wata rana ya shiga babban kanti zai saya wa matarsa irin waɗannan kaya. Kunya ta kama shi. Matan da ke tsaron wurin suka yi ta kallonsa kamar ya yi ɓatan kai. Bai san lamba ba, bai san me zai tambaya ba. Ya fita ransa a ɓace.

Maigida, kai da ke jina a bakin shago, ka san wannan hali. Ka je rumfar ɗan koli ranar kasuwa. Ka fara da tambayar batir. Ka tambayi kuɗin madubi. Ka waiga hagu, ka waiga dama. Sannan ka nuna abin da ya kawo ka da haɓa, ka ce, "Sa mini wancan a baƙar leda." Ba ka taya ba. Ba ka duba ba. Abin da aka faɗa shi ka biya, ka yi gaba.

Shi Raymond sai ya ga kasuwa a cikin wannan kunya. Ya ce bari ya buɗe kantin da namiji zai shiga hankalinsa kwance. A shekarar 1977 ya haɗa jari na dala 80,000. Rabi bashin banki, rabi daga dangi. Ya buɗe shago a garin Palo Alto, a jihar Kalifoniya. Ya shimfiɗa darduma, ya rataya labulen siliki, ya ƙawata bango da katako mai duhu. Ya sa wa shagon sunan Sarauniya Biktoriya ta Ingila. Ita ce ke kan gado a ranar 1 ga Janairun 1900, ranar da Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja ya ce Arewa ta shiga hannunsu. Wato sunan ma ba baƙonmu ba ne.

A shekarar farko ya yi cinikin kusan dala 500,000. Ya ƙara rassa. Ya buga littafin talla mai hotunan kaya da farashinsu, ana aika wa mutane ta gidan waya, su zaɓa daga gida. Amma cikin shekara biyar, kamfanin ya kama hanyar karyewa. Ciniki ana yi, riba babu.

A nan ne mutum na biyu ya shigo. Sunansa Leslie Wexner, daga birnin Columbus na jihar Ohio. Ku saurari tarihin wannan mutum da kyau, domin akwai abin ɗauka.

Iyayensa suna da ɗan shagon tufafin mata. Yana saurayi ya zauna ya bi takardun cinikin shagon ɗaya bayan ɗaya. Sai ya gano wani abu. Manyan riguna masu tsada, waɗanda mahaifinsa ke alfahari da su, ba su ne ke kawo riba ba. Ƙananan kayan yau da kullum, siket da 'yar riga, su ne ke riƙe da shagon. Ya faɗa wa mahaifinsa, mahaifin bai yarda ba. A 1963 ya ranci dala 5,000 wurin gwaggonsa, ya buɗe nasa shagon, ya sa masa suna The Limited. Bai kasa komai ba sai abin da lissafi ya nuna masa mata na saye. Ya yi arziki.

Wannan mutum ne ya shiga shagon Raymond. Ya duba, ya gane ciwon nan take. An gina shagon ne don namiji ya ji daɗin shiga. Ita macen da za ta sa kayan, ba ta sakewa a ciki. Namiji kuwa sau nawa yake sayen irin wannan haja? Sau ɗaya ko biyu a shekara, in zai yi kyauta. Mace fa? Ita ce mai buƙata kullum.

A 1982 Wexner ya sayi kamfanin a kan kusan dala miliyan 1. Ya sauya launin shaguna. Ya sauya kaya. Ya sauko da farashi yadda ma'aikaciya za ta iya saye. Ya mai da wurin na mata. Akwai kuma wata dabara: a littafin tallarsu aka riƙa buga adireshin wani gida a Landan, alhali hedikwatarsu na nan Ohio. Don a ɗauka kayan Turai ne. Mu ma mun san wannan. Kaya ya fito daga Aba ko Guwanzu ta ƙasar Sin, a ce maka ɗan Dubai ne.

Kafin a yi nisa cikin shekarun 1990, rassa sun kai 350. Ciniki ya kai dala biliyan 1 a shekara. Abin da aka saya miliyan ɗaya, ya koma yana kawo miliyan dubu duk shekara.

Shi kuwa Raymond, ya buɗe kantin kayan yara, ya karye a 1986. Aurensa ya mutu. A 1993 ya faɗa ruwa daga gadar Golden Gate ta San Faransisko, ya rasa ransa. Allah Ya kiyashe mu da mummunan ƙarshe. Kuma jama'a, in jarin ɗan'uwanku ya karye, ku riƙa leƙa shi. Kada a bar shi shi kaɗai da tunani.

Me ya ɗaga kamfanin? Ku maimaita tare da ni. An daina kallon mai biya, an koma kallon mai sawa.

Yanzu mu shiga kashi na biyu: yadda nasara ta toshe musu kunne.

A 1995 kamfanin ya fara wani bikin nuna kaya a birnin New York, sau ɗaya a shekara. Ana ɗauko 'yan mata masu tallan tufafi, dogaye, sirara, a sa musu fukafukai, a kira su mala'iku. Wa'iyazu billahi. Wannan ba tarbiyyarmu ba ce, ba addininmu ba ne, kuma ba tallarsa nake yi ba. Lissafin da ke bayansa nake so mu duba.

A shekara ta 2000 sun nuna rigar mama guda ɗaya da aka yi wa ado da duwatsu masu daraja, aka sa mata kuɗi dala miliyan 15. Ba don a saya ba. Don a yi ta zancenta. A 2001 aka fara nuna bikin a talabijin, mutum wajen miliyan 12 suka kalla. A 2002 suka buɗe wani reshe mai suna PINK, na 'yan mata ɗalibai, don su kama mai saye tun tana ƙarama. Shaguna suka haura 1,000. Wajen 2016, cinikin shekara ya wuce dala biliyan 7 da rabi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan kasuwa a Amurka yana hannunsu.

Amma ku lura da wanda ke tsara bikin nan. Wani namiji ne mai suna Ed Razek, shugaban sashen talla, na hannun daman Wexner. Shi ke zaɓen wadda za ta fito. Shi ke cewa ga kyakkyawa, ga wadda ba ta kai ba. A hankali tallar ta koma abin da idon namiji ke so ya gani. Wato sun zagaya sun koma kan kuskuren Raymond, kuskuren da suka sayi kamfanin don su gyara.

A cikin wannan lokaci, matan Amurka sun canza. Sun gaji da rigar mama mai ƙarfe da soso, mai matse ƙirji. Suna neman mai laushi, wadda za a yini da ita ana aiki. Suna neman ta motsa jiki. Masu jiki suna shiga shagon, su rasa lambarsu, su fita. Masu shayarwa haka. Dattijai haka.

Wasu kuma suna gefe suna kallo. A 2014 wani kamfani mai suna Aerie ya yi shelar ya daina gyara hotunan tallarsa da kwamfuta. Yadda Allah Ya halicci mace, haka za a nuna ta. Wani mai suna ThirdLove, wanda mace ke jagoranta, ya fito da lambobi sama da 70, yana sayarwa ta intanet. A 2018 mawaƙiya Rihanna ta fito da nata, Savage X Fenty, da lambar siririya da ta mai ƙiba, da launin da ya dace da baƙar fata da fara. Kowannensu ƙarami ne. Amma kowanne ya ɗebi matan da babban kanti ya sallama.

Me manyan Victoria's Secret suka yi? A 2016 shugabar kamfanin, Sharen Jester Turney, wadda ta riƙe shi shekara goma yana hawa, ta ajiye aiki. Wexner, yana dab da shekara 80, ya karɓi ragama da kansa. Aka daina buga littafin talla. Aka daina sayar da kayan ninƙaya, waɗanda ke jawo mata cikin shago. Ciniki ya fara sauka. Sai suka shiga karya farashi: sayi kaza a ba ka kaza kyauta. Ɗan kasuwa, ka san ƙarshen wannan. In ka saba wa mutane da ragi, ba mai sake saye a farashin gaskiya. Kowa zai jira ranar ragi.

A watan Nuwamban 2018, mujallar Vogue ta yi hira da Razek. Aka tambaye shi dalilin da ba ya sa mata masu jiki da masu sauya jinsi a bikin. Amsar da ya bayar ta nuna ba ya ganin suna da wuri a ciki. Game da masu jiki, ya ce an taɓa gwadawa, ba wanda ya damu. Ku ji fa. Matan da ya ce ba a damu da su ba, su ne mafi yawan masu shiga kasuwa da kuɗi a hannu. Aka yi masa ca. A wannan shekara, masu kallon bikin suka sauko zuwa miliyan 3 da 'yan kai. Daga miliyan 12. A 2019 Razek ya bar aiki, aka soke bikin.

Sai kuma abin kunya ya biyo baya. A watan Yulin 2019 aka kama wani attajiri mai suna Jeffrey Epstein bisa zargin safarar 'yan mata ƙanana don lalata. Ya mutu a kurkuku bayan wata guda. Wannan mutum ya daɗe yana kula da dukiyar Wexner. Wexner ya ce ya rabu da shi tun 2007, ya ce bai san ta'asarsa ba, ya ce shi ma Epstein ya wawure masa sama da dala miliyan 46. Amma sunan kanti ya riga ya ɓaci. Kantin da ke rayuwa da kuɗin mata, ga sunan mai shi ana haɗawa da mai cutar da 'ya'yan mata. A farkon 2020 jaridar New York Times ta buga rahoton ma'aikata da masu talla da suka yi ƙorafin cin zarafi a cikin kamfanin. Razek ya musanta.

Hannun jarin uwar kamfanin da ta mallaki Victoria's Secret, wato takardar mallakar da ake saye da sayarwa, ya kai kusan dala 100 a ƙarshen 2015. A watan Maris na 2020 bai kai dala 10 ba. A Fabrairun 2020 wani kamfanin masu zuba jari, Sycamore Partners, ya amince zai sayi kashi 55 cikin ɗari a kan dala miliyan 525. Sai annobar korona ta sauka, aka rufe kasuwanni, cinikin ya wargaje. A wannan shekara suka rufe shaguna kusan 250 a Amurka da Kanada. Reshensu na Ingila ya kasa biyan bashi. Wexner ya sauka daga shugabanci. Ciniki ya faɗo zuwa dala biliyan 5 da miliyan 400.

Za a ce korona ce. A'a. Korona ta tarar da mara lafiya ne a kwance. Shekara huɗu kafin ta zo ciniki ke zurarewa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Wexner kansa. Yaron da ya bi takardun shagon mahaifinsa ya gano abin da mata ke saye. Yaron da ya ce wa mahaifinsa, "Baba, lissafi ya saɓa wa ra'ayinka." Shi ne ya tsufa ya zama irin mahaifin nasa. Ya zama kamar sarkin da fadawa suka kewaye, ba ya jin komai sai "ranka ya daɗe, daidai ne."

Kada in bar ku da zaton kamfanin ya mutu. Yana nan. A 2021 aka ware shi daga uwar kamfanin ya tsaya da ƙafarsa, aka cika hukumar gudanarwarsa da mata. Suka ƙara lambobi, suka fara ɗinka ta masu shayarwa. A 2024 suka naɗa mace, Hillary Super, shugaba, suka kuma dawo da bikin. Cinikinsu na wannan shekara ya kai wajen dala biliyan 6. Kuɗi ne mai yawa. Amma sarautar da suka yi su kaɗai, ta wuce.

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan kasuwar ƙananan tufafin mata, da yadda wani babban kamfani a Amurka ya yi sama ya dawo ƙasa. Yanzu kashi na uku. Mu dawo gida.

Mu a nan mun san faɗuwar manyan kamfanoni. Dattawanmu sun ga masaƙar Gusau tana aiki, audugar ƙasar nan na shiga, yadi na fita. Sun ga masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna. Yau duk shiru. Amma waɗannan, abin da ya kashe su ya fi yawa daga waje: rashin wutar lantarki, tsadar man injin, fasa-ƙwauri, da kayan Sin masu araha. Haka ɗan kasuwar Anka ko Bukkuyum. Bai jawo wa kansa rufe iyakoki na 2019 ba. Bai jawo rufe kasuwannin mako da katse layin waya na watan Satumbar 2021 ba. Bai jawo ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ba. Bai jawo 'yan bindigar da ke tare hanya ba. Waɗannan sun fi ƙarfinsa, sai addu'a da kiran hukuma ta yi aikinta.

Amma akwai ciwon da ke tasowa daga cikin rumfa. Shi ne irin na Victoria's Secret. Shi kuma yana da magani a hannunka.

Mu ɗauki lefe. A nan ne aka fi sayen wannan haja da yawa a lokaci guda. Wa ke biya? Ango. Wa ke zuwa kasuwa? Yayyensa mata da gwaggonninsa. Wa ke sarowa daga Kano, daga Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari? Galibi namiji ne. Wa zai sa? Amarya. Ita kaɗai ce ba a tambaya ba.

Sai a zuba dozin a akwati. Masu ƙyalli, masu soso, masu jan ido, don ranar da za a buɗe lefe 'yan kallo su ce an yi bajinta. Bayan biki amarya ta gwada. Wannan ya matse. Wancan ya yi yawa. Wani kuma roba ce zalla, ga zafin watan Afrilu. A ƙarshe ta raba wa ƙannenta, ko ta ba dillaliya ta sayar mata a rabin kuɗi, ta sayi wanda za ta iya sawa. Kuɗin ango ya tafi. Amarya ba ta amfana ba. Kai kuma mai rumfa, ka yi ciniki sau ɗaya, amma ba ka samu abokiyar ciniki ba. Domin wadda za ta yi shekara talatin tana sayen wannan haja, ta riga ta san kayanka ba sa yi mata.

Iyayena masu haɗa lefe, abu ne mai sauƙi. A aika ƙawar amarya ta tambayo lamba. Ba rashin kunya ba ne. Ana tambayar lambar takalmi, ai.

Yanzu bari in yi magana a kan wadda, a ganina, ta fi duk wani mai kanti sanin wannan kasuwa. Dillaliya. Inna mai ƙullin kaya a ka, mai shiga gida-gida.

Ku duba yadda take aiki. Tana shiga inda namiji ba ya shiga. Tana zama a kan tabarma, a sha ruwa, a gaisa, a tambayi yara. Ta kwance ƙulli. Matar gida ta ɗaga, ta juya, ta shiga ɗaki ta gwada. In bai yi ba, ta dawo da shi, babu rigima. In babu kuɗi yau, a bari sai an kwashi adashi. Dillaliya ta san wadda ta haihu wata biyu da suka wuce, jikinta ya canza. Ta san mai shayarwa, wadda ke son mai buɗewa ta gaba. Ta san Hajiya mai jiki, wadda ta gaji da jin "babu lambarki." Ta san yarinyar da ta fara girma, uwarta na jin nauyin kai ta kasuwa. Abin da kamfanonin Amurka ke kashe miliyoyi su bincika, ita a hira take samunsa.

Amma Inna, ke ma ga naki. Ilimin nan yana kanki ne kawai. Ba ya kaiwa ga wanda ke zuwa sari. Sau da yawa ɗanki ko ƙaninki kike ba kuɗi ya tafi Gusau ko Kano. Shi kuma ya kwaso abin da mai shago ya tura masa, wato abin da ya yi wa mai shagon kwantai. Ki riƙa faɗa masa dalla-dalla: lamba kaza guda nawa, launi kaza guda nawa, auduga ba roba ba. In da hali, a rubuta masa. In yana da babbar waya, ya ɗauko hoto ya turo kafin ya biya.

'Yan matanmu masu sayarwa ta WhatsApp, ku ma ku ji. Hoton da kuke sawa, shi za ku kai. In hoto ya fi kaya kyau, kun yi ciniki ɗaya kun rasa goma, domin a gidan suna za a ba da labarinku.

Ga wani ɗan ilimi da zai rage asara, ga mai saye da mai sayarwa. Lambar rigar mama kashi biyu ce: akwai lamba, akwai harafi. Lambar, ita ce kewayen jiki a ƙarƙashin ƙirji. Harafin, A ko B ko C ko D, shi ne girman mazaunin. Mata biyu za su iya zama lamba ɗaya, harafinsu daban. Sannan lambar iri biyu ce a kasuwa. Wani kaya za ku ga 34, 36, 38. Wannan awon inci ne. Wani kuma za ku ga 75, 80, 85. Wannan awon santimita ne, shi ya fi yawa a kayan Sin da na Turai. Ku riƙe: 34 ita ce 75. 36 ita ce 80. 38 ita ce 85. Zan sake. 34, 75. 36, 80. 38, 85. Tef ɗin tela ya isa a auna, a cikin ɗaki, mace da 'yar'uwarta mace. Kuma kamfani da kamfani suna ɗan bambanta, don haka gwaji ya fi lamba.

Batun yadi kuma. A ƙasa mai zafi irin tamu, auduga ta fi. Tana shan gumi, iska na ratsa ta. Roba tana riƙe zafi da danshi, tana jawo ƙaiƙayi da ƙuraje. Wadda ƙarfinta bai kai sabo ba ta sayi gwanjo, ba abin gori ba ne. Amma a wanke da sabulu da ruwan zafi, a shanya a rana sosai, a goge. Sabon ma a wanke kafin a sa. Kamfai kam, in da hali, a daure a sayi sabo ko mai araha ne.

Saura kai, Alhaji mai rumfa. Na san ba za ka tsaya kana tambayar matar mutane lambarta ba, kuma bai dace ba. To ka nemi wadda za ta ji maka. Matarka, ko ƙanwarka, ko wata dillaliya amintacciya da za ka riƙa ba kaya tana shiga da su gidaje, kuna raba riba. Abin da ta jiyo, ka saurara, ko da ya saɓa wa abin da kake gani yana da kyau. Ba kai za ka sa ba.

Ka kuma sayi ɗan littafi na naira kaɗan. Shafi ɗaya, ka rubuta abin da ya ƙare da wuri. Shafi na biyu, abin da ya yi wata uku a rataye rana na cin launinsa. Shafi na uku, wanda ya fi muhimmanci, abin da aka zo nema aka tarar ba ka da shi. Duk wanda ya tambaya ka ce "babu," ka ja layi ɗaya. In yarinya ce aka aiko da tsohuwar riga a leda aka ce a kawo irinta, ka duba lambar da ke jiki ka rubuta. Ranar da za ka tafi sari, kafin ka hau mota, ka buɗe shafi na ukun nan ka ƙirga layukan.

Lokaci ya cimma mana. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ɗauki batun bashi a sana'ar mata ta cikin gida: wa za a ba, nawa za a bayar, da yadda ake karɓa ba tare da zumunci ya lalace ba. Iyayenmu dillalai na Gummi da Anka da Bukkuyum, ku tanadi abin da kuka gani, muna son ji daga bakinku.